Bututun injin busar da kaya ya toshe: a share, a kira mai gyara, ko a sauya bututun?

A Sakkwato rana ba ta yi wa kowa rowa, shi ya sa ba kowane gida ne ke ajiye injin busar da kaya ba. An fi ganinsa a shagunan wanki da guga, da otal-otal da gidajen saukar baƙi, sai kuma gidajen da suka gaji da kwashe shanya a guje cikin watan Agusta, ko da ganin farar shadda ta koma ruwan ƙasa a kan igiya lokacin hunturu. Duk wanda ke da irin injin nan mai fitar da iska waje ta bututu, ko ba daɗe ko ba jima zai ga alamun: kayan da ke bushewa cikin awa 1 sun haura awa 2, an buɗe ƙofa an same su da zafi jau amma da danshi, saman injin ba ya taɓuwa, ɗakin kuma ya yi turiri kamar ana dafa ruwa a ciki.

Hanyoyin da ke gabanka huɗu ne. Ka share da kanka, ka kira mai gyara, ka cire bututun ka sa wani, ko ka koma ga injin da ba shi da bututu sam. Abin da zai raba maka gardama yana bayan injin. Ja shi gaba ka leƙa: wane irin bututu ne, mita nawa ne tsawonsa, sau nawa ya karya kwana, kuma ina bakinsa ya fita. A ganinmu mafi yawan toshewar da ke dawowa bayan 'yan watanni daga bututun take da yadda aka shimfiɗa shi, kuma buroshi ba ya maganin wannan.

Kayan auduga masu nauyin kilo 7, in suka fito daga injin wanki bayan matsa, suna riƙe da ruwa wajen lita 3.5 zuwa 4. Hita tana ɗumama iska, fanka ta ja iskar ta ratsa kayan, ta bi ta ragar da ke tare burbushin zare, sannan ta tura ta cikin bututu mai faɗin inci 4, wato milimita 100, zuwa waje. Duk litocin nan ta wannan bututu za su fice a matsayin tururi. Ragar ba ta kama burbushin duka. Wanda ya tsallake yana tafiya cikin iska mai laima, in ya gamu da ƙunci ko lanƙwasa ko wuri mai kaushi ya liƙe, na baya ya zo ya hau kansa. A nan garin akwai ƙarin abokiyar aiki, ƙura. Injin iskar ɗaki yake shaƙa, daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuwa iskar cike take da ƙura mai laushi kamar gari. In ta haɗu da burbushi da laima sai ta zama ɓawo mai tauri a ƙasan bututu, irin wanda sai an kankare.

Kafin a ɗora wa bututu laifi, a taɓa kayan. In da zafi da danshi tare, iska ce ba ta fita. In da danshi amma babu zafin kirki, a duba wuta da hita. Ƙarfin hita yana faɗuwa fiye da yadda wuta ke faɗuwa: in wutar da ya kamata ta zo volt 230 ta zo 190, zafin da hitar ke bayarwa bai wuce kashi 68 cikin 100 ba, kaya su yi ta juyawa ba su bushe ba alhali bututu ƙalau yake. Gwaji na biyu, a kunna injin a zagaya waje a sa tafin hannu a bakin bututu. Lafiyayyen bututu yana busa iska mai ɗumi da ƙarfi har marfin bakin ya tashi sosai. In marfin yana ɗan kaɗawa kawai, ko bai motsa ba, an gano. Na uku, a zare bututun daga bayan injin, a buɗe taga, a kunna na minti 10. In iska ta fito da ƙarfi daga ramin injin, matsalar tana cikin bututu. In a nan ma rauni gare ta, matsalar tana cikin injin. Wannan gwaji na uku ba a yin sa da inji mai aiki da gas, domin hayaƙin ƙonewar gas ɗin ta bututun yake fita, kuma a cikinsa akwai iskar guba marar wari da ke kashe mutum a rufaffen ɗaki.

A ɗauki ragar ma a kai ta famfo a zuba mata ruwa. In ruwan ya taru a kanta bai wuce ba, sabulun laushin kaya ya toshe idanunta ko da a ido fes take. Ruwan ɗumi da sabulu da tsohon buroshin haƙori sun isa, a bar ta ta bushe a mayar.

Sharewa da kanka ita ce ta fi dacewa in bututun gajere ne, bai wuce mita 2 ko 3 ba, kuma hannunka na kai wa bakinsa na waje ba tare da hawa rufi ba. Gidajenmu na ƙasa sun yi sa'a a nan, domin galibi injin na jingine da bangon waje, bulo ɗaya ne tsakaninsa da fili. Kayan aiki ba su da yawa: sukudireba, buroshi mai zagaye na inci 4 da sandunansa masu lanƙwasa da ake ɗaurawa ɗaya bayan ɗaya, injin zuƙe ƙura in akwai, fitila, da ƙyallen rufe hanci. A zare filogi daga soket, kashe makunni kaɗai bai isa ba. In na gas ne a rufe tukunya. A kwance maɗaurin da ya riƙe bututu a bayan injin, a cire marfin waje, a fara kwashe abin da hannu ya kai gare shi ta ɓangarorin biyu. Sau da yawa rabin aikin ya ƙare a nan, domin dunƙulen yakan taru ne a gwiwar farko, wato inda bututu ya fara karya kwana bayan injin, da kuma dab da bakin waje.

Sai a zura buroshi, ana turawa ana jawowa kaɗan-kaɗan, ana ƙara sanda. In an haɗa sandunan da injin huda bango, a juya su dama kawai, yadda hannun agogo ke tafiya, kuma a hankali. Zaren sandunan na dama ne, da an juya hagu sai su kwance, kan buroshi ya tsaya a tsakiyar bututu, a wayi gari ana neman mai fasa bango. Masu taka-tsantsan sukan naɗe kowace mahaɗa da salatif kafin su zura. In an kai ƙarshe, a mayar da bututu a kunna injin babu kaya, a kan iska marar zafi in yana da wannan zaɓi, na minti 10 zuwa 15, ya huro abin da buroshi ya kakkaɓe. Sannan a mayar da marfin waje. In ana tura injin wurinsa a tsaya a leƙa baya, kada a danne bututun da bango. Tazarar santimita 10 zuwa 15 ake so. Mutane da yawa sukan gama shara tsaf, su tura injin da ƙarfi, su murƙushe bututun, su koma gidan jiya.

Akwai masu sa injin hura iska irin na masu wanke na'urar sanyaya ɗaki. Yana aiki a gajeren bututun ƙarfe miƙaƙƙe mai busasshen burbushi. A dogon bututu kuwa, ko wanda ya jiƙe, sai ya cusa dattin ya dunƙule a gwiwa, ko ya ɓalle mahaɗa a inda ido ba ya gani. Ruwa kam kada a zuba. Kuma buroshi mai juyawa ba ya shiga siririn bututun nan mai kama da takardar alawa, yaga shi zai yi.

Iyakar sharewar gida ita ce ba ta shiga cikin injin. Burbushi yana taruwa a kan fikafikan fanka, da cikin hanyar da ke ƙarƙashin raga, da ƙasan akwatin kusa da motar da ke juya injin da hita, kuma nan ne gobara ke fara kamawa. Hukumar kula da harkar gobara ta Amurka ta ƙiyasta cewa daga 2008 zuwa 2010 ana samun gobarar injin busar da kaya wajen 2,900 kowace shekara a gidajen ƙasar, kuma rashin sharewa ne kan gaba cikin dalilai, da kashi 34 cikin 100. Busasshen burbushin auduga tartsatsi ɗaya yake jira.

To a nan ne kiran mai gyara ke da amfani. A kira shi in iska ba ta fitowa da ƙarfi daga injin bayan an zare bututu, in ana jin ƙauri, in injin yana juyawa babu zafi ko ya ƙi tashi gaba ɗaya, in bututun ya bi ta cikin silin ko ya hau bene, in kuma na gas ne. Wanda ya san aikin zai buɗe akwatin ya zuƙe ƙasansa, ya ciro fanka ya kankare ta, ya auna hita da ma'aunan zafi da mitar auna wuta. Mafi yawan waɗanda za a samu a gari masu gyaran firij da injin wanki ne, kuma a cikinsu akwai ƙwararru, amma a tambayi mutum tun a waya ko ya taɓa buɗe irin injin, kuma ko yana da buroshin bututu. In ya zo da mita da sukudireba kaɗai, rabin aikin zai yi.

Ga inda muke roƙon a sa ido sosai. A cikin injin akwai ɗan ƙaramin fis na zafi, bai kai ɗan yatsa ba, yawanci a jikin gidan fanka ko kusa da hita. Iskar da ke fita daga lafiyayyen inji tana kaiwa da komowa tsakanin digiri 50 da 70. In bututu ya toshe zafi ya haura wajen digiri 90 ko sama, gwargwadon ƙirar kamfani, fis ɗin ya tsinke ya yanke wuta. A injuna da yawa sau ɗaya yake aiki, sai dai a sayi sabo. Wasu kuma suna da ɗan maɓalli a baya da ake dannawa ya dawo. Tsinkewarsa shaida ce cewa iska ba ta wucewa. In mai gyara ya sa sabo bai taɓa bututu ba, sabon ma zai tsinke. In kuwa ya ce, "Alhaji, babu irinsa a kasuwa, bari in haɗa da waya ka ci gaba da aiki," a ce masa a'a, ko da injin zai yi wata yana jiran a kawo fis daga Kano ko Legas. Wannan wayar ta cire abu na ƙarshe da ke tsakanin zafi da gobara, a ɗakin da ke cike da tufafin mutane.

Sauya bututu shi ne zaɓin da aka fi tsallakewa, kuma shi ne ya fi biyan kuɗinsa. Farin bututun leda mai waya a naɗe, da ɗan'uwansa na siririn alminiyum mai sheƙi, su ne mafi araha da sauƙin ɗaurawa. Cikinsu duk ƙunci ne, kowane ƙunci aljihu ne na burbushi. Suna lotsawa a tsakiya, ruwan tururi ya kwanta a lotsin ya zama laka, ɓera yana huda su, zafi yana sa ledar ta bushe ta tsage. Injunan ƙirar Turai da yawa da irin wannan bututun roba suke zuwa a kwali, kuma yana aiki in an miƙe shi sosai daga injin zuwa ramin bango, an yanke rarar. Da an bar shi a naɗe a bayan inji kamar hanji, ko an haɗa biyu don a kai taga, an sayi toshewa. Irin wannan in ya cika ba a wahalar share shi, a jefar.

Na tsakiya shi ne alminiyum mai kauri wanda ake lanƙwasawa ya tsaya yadda aka bar shi. Ya dace da ɗan guntun da ke tsakanin injin da bango. Ƙa'idar gine-ginen gidaje ta Amurka ta taƙaita wannan guntu a ƙafa 8, wato mita 2.4, ta kuma hana a ɓoye shi cikin bango ko silin. In aka taka shi ya lotse ba ya dawowa daidai, sai a sauya.

Na ƙwarai shi ne bututun ƙarfe miƙaƙƙe mai santsin ciki, na kwano ko alminiyum. Iska na gudu a cikinsa, burbushi ba ya samun wurin kamawa, buroshi na bi ba tare da ɓarna ba, kuma ba ya kamawa da wuta. In ba a same shi a shagon kayan gini ba, masu aikin kwano da ke ƙera bokiti da mazurarin ruwa za su naɗa shi da gwiwoyinsa in aka ba su awo. A gaya musu inci 4 cif, kuma haɗin gefen ya kwanta lif daga ciki. Wajen haɗawa, bakin kowane guntu ya shiga cikin na gabansa ta inda iska ta nufa, don kada burbushi ya ci karo da leɓe. A naɗe mahaɗa da salatif ɗin alminiyum, domin na leda yana saki da zafi. Kada a ɗaure da sukurori masu leƙawa ciki, kowane tsini ƙugiya ce da zare zai rataya a kai. A ɗan sunkuyar da bututun ta wajen fita, ruwan da ya taru ya gangara waje.

Fayif ɗin roba na masu aikin famfo fa? Shi ne abin da hannu ya fi saurin kaiwa gare shi, ga shi inci 4, ga santsi, ga araha a kowane shago. Ba mu ba da shawararsa. Ba don iska mai zafi aka yi shi ba, yana laushi ya lotsa a kusa da injin, kuma roba tana tara wutar gogayya da ke jawo busasshen burbushi ya manne a jikinta, musamman a bushewar hunturu.

Tsawo kuma lissafi gare shi. Waccan ƙa'ida ta Amurka ta sa iyaka a ƙafa 35, wato mita 10.7, sannan kowace cikakkiyar gwiwa ana ƙirga ta a matsayin mita 1.5, rabin gwiwa kuma santimita 75. Bututu mai mita 4 da gwiwa 3, a wurin fanka mita 8.5 ne. Wannan lissafi na manyan injunan Amurka ne masu ƙarfin fanka. Ƙananan injunan kilo 6 zuwa 8 masu filogi irin na gida, da yawansu littafinsu bai yarda a wuce mita 2 zuwa 3 ba, don haka littafin injin shi ne alƙali. Masu sayen na gwanjo ƙirar Amurka su lura da abu guda: an yi motarsu don wuta mai bugu 60 a daƙiƙa, tamu kuwa 50 ce. Mota da fanka suna juyawa da ragin kashi 1 cikin 6, iska ta yi rauni, burbushi ya fi saurin kwanciya. Irin waɗannan a ba su mafi gajeren bututun da zai yiwu. Sau da yawa huda sabon rami a bulo daidai bayan injin ya fi sayen dogon bututu arha, aikin magini ne na yini ɗaya.

Bakin waje ya cancanci a daɗe a kansa, domin a garin nan nan ne toshewa ta fi farawa. Tsoron sauro da ƙadangare ya sa ake ɗaure bakin da ragar taga. Niyyar mai kyau ce, amma ragar ta zama matata ta biyu wadda babu mai sharewa, cikin 'yan makonni sai ta koma kamar an liƙa mata bargo. A cire ta, a sa marfi mai faifai da iska ke ɗagawa in injin na aiki, ya faɗo ya rufe in an kashe. A kowane wata a ɗaga faifan da yatsa a goge maƙalarsa, domin ƙura na sa shi ya ƙage a buɗe ko a rufe. Bakin ya yi sama da ƙasa da aƙalla santimita 30 saboda yashi da ruwan da ke fantsama, ya kuma nisanci taga da ƙofa da kimanin mita 1. In akwai zaɓi, bangon yamma ko kudu ya fi, tunda iskar hunturu daga arewa maso gabas take bugowa, hadarin damina ma galibi daga gabas yake tasowa. Kada a saki bututu cikin silin. Lita 4 na ruwa a kowane wanki za su jiƙa katako da filasta, burbushi kuma ya baje a kan wayoyin lantarki.

Gidan da ba ya kunna injin sai da damina yana da maƙiyi na musamman, zanzaro. Watannin da bututu ke zaune shiru sun ishe shi ya gina ɗakunan laka a ciki, tsuntsu ma yakan kai ciyawa. Saboda haka a irin wannan gida lokacin dubawa shi ne ƙarshen Mayu, kafin ruwa ya sauka, da fitila a leƙa ta bakin waje. Gidan da ke amfani da shi duk shekara ya share sau 2, ɗaya bayan hunturu ɗaya kafin damina ta ƙare. Shagon wanki da ke busar da tawul da barguna da zannuwan gado kullum kada ya wuce wata 2 ko 3. Raga kuwa bayan kowane zubi ne, babu rangwame.

Saura injin da ba shi da bututu. Iri biyu ne. Akwai mai sanyaya tururi da iskar ɗaki ya tara ruwan a tanki, akwai kuma mai kwamfiresa irin ta firij. Na biyun yana da daɗin wuta ƙwarai: inda mai bututu ke cin wajen yunit 4 a cikakken zubi, shi yakan tsaya a 2 ko ƙasa, kuma abin da yake ja bai cika kaiwa wat 1,000 ba, alhali mai bututu yana jan 2,000 zuwa sama. Ga mai janareta ko sola wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. Sai dai toshewar ba ta tafi ko'ina ba, ta koma ciki ne. Akwai raga ta biyu a ƙasa da faranti masu siraran fikafikai da ke buƙatar shara a kai a kai, ƙura kuma tana cika su da wuri. Ga kuma zafi: littattafansu galibi suna cewa a yi aiki da su a ɗakin da bai wuce digiri 35 ba, a Sakkwato kuwa Afrilu da Mayu suna haura 40. A ɗakin wanki marar iska a bazara aikinsu na yin nauyi, wasu su riƙa tsayawa da kansu. Tsadarsa ta fi, gyaransa kuma sai wanda ya san firij da allon lantarki tare. Wanda ke zaune a bene ko gidan haya da ba a yarda ya huda bango ba, ko wanda bututunsa ba zai kasa mita 8 ba duk yadda aka yi, shi ne ya kamata ya duba wannan. Mai injin da ke jingine da bangon waje kuwa, guntun bututun ƙarfe na rabin mita da marfi mai faifai sun raba shi da matsalar, buroshin ma da hannu zai riƙa zura shi daga tsakar gida.